Idan Guda Ɗaya Za Ka Saya: Mai Kalanda, Turbiyon ko Mai Buga Lokaci?

Wani Alhaji da muka daɗe tare, ɗan kasuwar yadi a Kantin Kwari, ya kira ni bayan sallar isha'i. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, agogon da aikinsa kawai ya ce maka ƙarfe kaza ya ishe ni, ina da su da yawa. Guda ɗaya nake so yanzu, wanda in na juya bayansa zan ga inda kuɗina suka shiga. An nuna mini iri uku a Dubai, kowane dillali yana koɗa nasa. Wanne zan ɗauka?"

Ukun da aka nuna masa su ne dai ukun da kowane mai tara agogo yake tsayawa a gabansu idan tafiya ta miƙa. Akwai mai kalandar dindindin, wanda ya san wata mai kwana 30 da mai 31, ya kuma san shekarar da Fabrairu ke cika 29. Akwai turbiyon, mai ɗan keji da ke juyawa a fuskar agogo. Sai mai buga lokaci, wanda dillalai ke kira rifita, kana tura wani ɗan maɓalli a gefensa ya kaɗa maka awa da minti ka ji da kunnenka. Amsar da na ba shi a daren ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na faɗaɗa ta.

Kafin a shiga ciniki, a kawar da magana ɗaya. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da zai fi wayar da ke aljihunka faɗin lokaci daidai. Wannan gardama ta ƙare tun ranar 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu mai batir da ƙwayar kwaz na farko da ya shiga kasuwa. Agogon inji da ya ci jarrabawar hukumar COSC ta Suwizalan an yarje masa ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a kowace rana, alhali ɗan agogon batir na Sabon Gari yakan yi wata guda bai kauce da abin da ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Abin da mai tara agogo ke biya shi ne dabara da aikin hannu, yadda ɗan Adam ya sa sifirin da faya-fayai masu haƙora suka yi lissafi ba wuta ba batir. Tambayar ke nan ta zama: wace dabara ce za ka iya zama da ita shekara da shekaru ba ta gundure ka ba, ba ta kuma wahalar da kai ba?

Turbiyon: abin kallo

Na fara da shi ne don shi ya fi saurin sace ido, kuma shi na fi ja wa mutane kunne a kansa.

Zuciyar kowane agogon inji wani ɗan zobe ne mai lilo, yana bugawa sau shida ko takwas a daƙiƙa, da wani siririn sifirin kamar silin gashi da ke dawo da shi. Idan agogo na tsaye, jan da ƙasa ke yi wa kowane abu yakan rinjayi wannan zobe ta gefe ɗaya, sai lokaci ya riƙa kaucewa. Agogon da, na aljihu ne, yana yini a tsaye cikin aljihun falmaran. Abraham-Louis Breguet, haifaffen Neuchâtel da ya yi sana'arsa a birnin Paris, ya ce to a ɗauki zuciyar gaba ɗaya a sa ta cikin keji, kejin ya riƙa juyawa, galibi sau ɗaya a minti, ta yadda kuskuren wannan gefe zai goge na wancan. An ba shi takardar mallakar wannan dabara ranar 26 ga Yuni 1801.

A aljihu dabarar na da ma'ana ƙwarai. A hannu kuwa, ai hannun naka shi ne keji: ka ɗaga, ka sauke, ka miƙa gaisuwa, ka riƙe sitiyari, agogon bai taɓa zama ta fuska ɗaya na tsawon lokaci ba. Shi ya sa amfanin turbiyon a agogon hannu ƙalilan ne. Ba wai babu ba. A gasar daidaiton lokaci da aka yi a garin Le Locle na Suwizalan, turbiyon na Jaeger-LeCoultre ne ya zo na ɗaya a 2009, na Greubel Forsey kuma a 2011. Amma waɗannan agogo ne da aka zauna aka daidaita su da hannun gwani, kuma daidaitawar ce ta yi rabin aikin.

Abin da ya rage shi ne kyau, kuma kyan na gaske ne. Keji mai sassa masu yawa wanda duk nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, yana juyawa yana numfashi a gabanka, wallahi mutum sai ya manta da abin da ya sa ya duba agogon. Matsalar ita ce wannan kyau ya daina zama na 'yan ƙalilan. A 1986 da Audemars Piguet ya fitar da turbiyon na hannu mai wana kansa, abin ya kasance abin mamaki. Yau injinan sassaƙa na kwamfuta sun sauƙaƙa aikin. Masana'antun ƙasar Sin, irin su Seagull ta Tianjin, suna yin turbiyon na gaskiya a farashin da bai kai na Rolex mafi araha ba, kuma a 2016 TAG Heuer ya fitar da nasa ƙirar Suwizalan a ƙasa da faran 15,000, kuɗin Suwizalan. Don haka idan dillali ya ce maka tsadar agogo saboda turbiyon ne kawai, bai faɗa maka komai ba. Tambaye shi wa ya yi, kuma yaya aka goge sassan. Ɗauki gilashin mai gyara ka dubi gadar da ke riƙe da kejin: an goge ta har ta zama kamar madubi? Kusurwoyin ciki masu kaifi ne, irin waɗanda inji ba ya iya fitarwa sai da hannu da ƙaramar zarto? A nan kuɗin suke. Turbiyon na A. Lange & Söhne daga Glashütte ta Jamus, ko na F.P. Journe, ko na Greubel Forsey mai keji cikin keji, darajarsu tana hannun da ya yi su. Patek Philippe ma ya daɗe yana ɓoye nasa a bayan agogo, sai dai ka ga kalmar a rubuce a fuska.

Sai gargaɗi ɗaya ga mai yawo a kasuwa. Akwai agogo da yawa da aka huda musu taga a fuska, ana hango zoben yana lilo, ana sayar da su da sunan turbiyon. Tsaya ka zuba masa ido na minti ɗaya. In zoben na lilo a wuri guda bai zagaya ba, taga ce kawai.

Mai kalanda: wanda za ka yi hulɗa da shi kullum

A nan ya kamata a bambance abu uku da dillalai kan cakuɗa. Agogon da ke nuna rana da kwanan wata da wata amma yana ɗaukar kowane wata a matsayin mai 31, sai ka gyara shi sau biyar a shekara. Mai kalandar shekara, wanda Patek Philippe ya fara fitarwa a 1996, ya san 30 da 31 amma Fabrairu na ba shi ruwa, sai ka gyara shi sau ɗaya. Na dindindin shi ne ya haddace kwana 1,461, wato shekara huɗu cur, har da 29 ga Fabrairu. Alamar da za ka fara nema a fuskarsa ita ce ɗan wurin da ke nuna shekara ta nawa ake ciki cikin huɗun.

Yadda yake aikin na burge ni fiye da juyin turbiyon, ko da yake ba a ganinsa. A ƙarƙashin fuskar akwai wani faifai da aka yanka wa gurabe a baki, kowane wata da gurbinsa. Wata mai 31 ba a yanka masa komai ba, mai 30 an ɗan rage, Fabrairu kuwa ramin ya fi zurfi. Wani dogon hannu yana jingine da bakin faifan yana laluben zurfin, kamar makaho da sandarsa, kuma zurfin da ya samu shi ke gaya masa kwana nawa zai tsallake a ƙarshen wata. A wasu injinan wannan faifai sai ya shekara huɗu kafin ya kammala zagaye ɗaya. Ka yi tunani: a hannunka akwai wani ƙarfe da ke tafiya a hankali har haka, yana jiran dare ɗaya tak cikin shekara huɗu da zai nuna abin da ya sani.

Thomas Mudge na Ingila ya sa wannan dabara a agogon aljihu tun wajen 1762. Patek Philippe ya kawo ta hannu a 1925, sannan a 1941 ya fitar da lamba 1518, wanda ya haɗa kalandar dindindin da ma'aunin tsawon lokaci irin na tsere. Guda 281 kawai aka ƙera, kuma har yau shi ne kakan wannan zuriya a idon masu tarawa.

Dindindin ɗin ma yana da iyaka. A lissafin Miladiyya, shekarar da ta cika ƙarni ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in 400 ta raba ta daidai. Shekarar 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. A ranar 1 ga Maris 2100 kusan duk waɗannan agogo za su nuna 29 ga Fabrairu, sai jikanka ya kai a gyara. 'Yan kaɗan ne suka san wannan ƙa'ida, irin su Calibre 89 na aljihu da Patek ya yi a 1989, da Eternal Calendar na IWC da ya fito a 2024.

Ga mu da muke rayuwa da kalanda biyu, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Kamfanin Parmigiani Fleurier ya ƙera agogon hannu mai kalandar Hijira ta dindindin, gidansa na filatinam, sunayen watanni da rubutun Larabci, har ya ci kyautar ƙirƙira a gasar agogo ta Janeba a 2020. Yana bin lissafin da ke jera watanni 30 da 29 bi da bi, shekara mai kwana 354, da shekaru 11 cikin kowace 30 masu kwana 355. Abin sha'awa ne matuƙa, amma mai saye ya sani lissafi ne, ba ganin wata ba. Ranar da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin jinjirin wata, agogon na iya saɓawa da kwana ɗaya, kuma kai za ka bi sanarwa ka gyara shi.

To ina aibin mai kalanda? Shi dai ba ya son a bar shi ya mutu. In ka ajiye shi a akwati wanin da aka yi masa ya ƙare, komai ya tsaya, rana da wata da shekara da siffar farin wata, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke kana latsa ƙananan ramukan da ke gefen gidan. A nan ne ake yin ɓarna. Wani abokina ya dawo daga tafiya ya tarar da nasa ya tsaya, ya zauna gyara wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bai lura cewa shi ma agogon a goshin tsakar dare ya tsaya ba, lokacin da haƙoran kalanda suka riga suka kama juna suna shirin juya kwana. Ya latsa ya ji tauri, ya ƙara ƙarfi. Ina zaune a wurin na ji ɗan ƙaramin "ƙas". Tun daga nan kwanan wata ya maƙale tsakanin 14 da 15. Mai gyaran da muka kai wa, dattijo ne da ya shekara fiye da talatin yana wannan sana'a, ya buɗe baya, ya maƙala gilashi a ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da murfi ya ce, "Alhaji, wannan ba na taɓawa ba ne, a mayar wa masu shi." Agogon ya yi wata bakwai a Turai. Ƙa'idar ita ce ka fara juya hannayen agogo zuwa wajen ƙarfe shida kafin ka taɓa kalanda, kuma duk inda ka ji tauri ka tsaya.

Masu ƙira sun san wannan ciwo, kuma maganin da kowa ya kawo shi ne ainihin abin da ya kamata ka gwada tsakanin mai kalanda da mai kalanda. Kurt Klaus na IWC ya fito da tsari a 1985 wanda komai ke tafiya tare ta kan maɓallin da ake wana agogo da shi, ba tsinke ba ramuka, sai dai gaba kawai yake yi. In ka zarce, sai ka bar agogon ya tsaya har kwanaki su cim masa. Ludwig Oechslin ya yi wa Ulysse Nardin wanda ke gaba da baya a 1996. Na H. Moser shi ma gaba da baya yake yi, fuskarsa kuma fes, ba tarkace. Stephen McDonnell ya sake tsarin daga tushe a Legacy Machine Perpetual na MB&F a 2015, ya sa masa kariyar da ke hana maɓallan gyara aiki yayin da kwana ke juyawa. Ga mutumin da ke yawan tafiya, ko wanda ke da agogo da yawa yana sauyawa, wannan bambanci ya fi sunan da ke rubuce a fuska muhimmanci. Akwatin da ke juya agogo don kada ya mutu yana taimakawa, amma a nemi wanda ke aiki da batir, don wanda ya dogara da wutar gari a wajenmu shi ma zai tsaya.

Mai buga lokaci: a nan ji ya kori gani

An ƙirƙire shi ne don duhu, zamanin da babu lantarki kuma kunna fitila aiki ne. Duk wanda ya taɓa farkawa cikin dare yana son sanin saura nawa asuba ya san buƙatar. A Ingila Daniel Quare da Edward Barlow suka yi jayayya a kan wa ke da dabarar, har Sarki James na Biyu ya raba gardama ya ba Quare a 1687. Na farkon ƙararrawa suke bugawa. Breguet ne a 1783 ya maye ta da siririyar wayar ƙarfe da ke zagaye injin, agogo ya rage kauri. A 1892 aka ga na hannu na farko, na Louis Brandt, gidan da ya zama Omega, da injin Audemars Piguet a ciki.

Wayoyin biyu ne, guduma biyu. Mai kaurin murya na buga awa. Biyun tare, siririya da mai kauri, suna buga kowane kwata. Siririyar ita kaɗai na ƙirga mintocin da suka haura kwata. Mu da muka taso da kalangu, muka san yadda sama da ƙasa ke zama magana, kunnenmu ba ya shan wahalar karanta shi.

Karo na farko da na ji shi da kyau, a wani shago ne a ƙasar waje. Mai shagon ya rufe ƙofa, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya juya hannayen agogon zuwa 12:59. Wannan shi ne lokacin gwaji, don shi ya fi kowane yawan bugu: awa 12, kwata uku mai bugu bibbiyu, minti 14, jimla 32. Ya tura maɓallin da babban yatsa har ƙarshe, ya saki. Sai wani ɗan shuu a ƙasa-ƙasa, wato na'urar da ke tsare saurin bugun, sannan muryar ta fito, tsaf, kowane bugu yana jan wutsiya kafin na gaba ya zo. Ya ɗauko wani, lamba ɗaya, ƙarfe ɗaya, gida ɗaya ya ƙera su. Ya buga. Ba ɗaya ba ne. Na biyun ya fi ƙara amma muryarsa a bushe take, mintocin kuma kamar ana korarsu. Tun ranar na gane cewa rifita ba a sayensa ta hoto ko ta bidiyon WhatsApp. Kamar kalangu biyu ne daga hannun masassaƙi ɗaya, kowanne da bakinsa.

Dalili kuwa shi ne har yau inji bai karɓe wannan aiki ba. Mai haɗawa ne ke zama yana goge gindin wayar kaɗan-kaɗan yana saurare har muryar ta zauna, ya daidaita nisan guduma da ƙarfin dukanta, ya haɗa ya warware ya sake haɗawa. A Patek Philippe shugaban kamfanin, Thierry Stern, yana sauraren kowane rifita da kunnensa kafin a bar shi ya fita. Da yawa daga gwanayen wannan fanni daga kwarin Joux na Suwizalan suka fito, wani kwari mai sanyi a tsaunukan Jura, inda a da manoma kan shafe hunturu a ɗaki suna sassaƙa sassan agogo. Can Philippe Dufour yake, wanda a 1992 ya fitar da agogon hannu na farko da ke buga awa da kwata da kansa ba sai an tura ba. Akwai kuma masu sauƙaƙa ƙirga, irin rifitan Zeitwerk na Lange da ya fito a 2015, wanda ke buga goma-goma maimakon kwata, yadda muke karanta lokaci a waya.

In kana saurare, ga abin da za ka kula da shi. Muryoyin biyu sun dace da juna ko suna faɗa? Saurin ya tsaya daidai daga farko har ƙarshe, ko ya fara da gudu ya ƙare da ja da ƙafa? Shuu ɗin nan ya danne kiɗan? Sannan a sa lokaci irin 3:05, inda babu kwata, ka ji ko shirun da ke tsakanin awa da minti ya yi tsawo. A ƙarshe ka ɗaura shi a hannu ka sake ji, don fata na shanye sauti.

Cikin ukun shi ne sarki, ban da shakka. Shi ne kuma mafi tsada nesa ba kusa ba. Mai kalandar dindindin na Frederique Constant ya shigo kasuwa a 2016 a ƙasa da faran 10,000, na manyan gidaje kuma kan kai dubun dubatar daloli zuwa sama da dubu ɗari, amma rifita na babban gida maganar dala dubu ɗari-ɗari ake yi, wani ma sai an san ka kafin a sayar maka. Kuma shi ne mafi rauni. Ba a tura maɓalli yana cikin bugu, ba a juya hannaye kafin ya gama. Tsagar da maɓallin ke zamewa a cikinta ƙofa ce ga ruwa da ƙura, shi ya sa yawancinsu ba su jure ruwa ba. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana sai ya riƙa cirewa yana ajiyewa a gefen buta ko a aljihu, kuma a irin wannan cirewar ne agogo kan faɗi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga har inda ba a zata ba.

Maganar ƙarfen gida

Wannan dillalin Janeba ba zai tuna maka ba. Mafi yawan agogon da ke wannan mataki da zinare ake yi musu gida, kuma zinare haramun ne ga namiji Musulmi. Farin zinare ma zinare ne, launinsa kawai aka sauya. Hajiya ba ruwanta da wannan, amma Alhaji zaɓinsa ya koma sitil (ƙarfen da ba ya tsatsa), titaniyam ko filatinam, wanda malamai da yawa suka ce ba ya cikin hanin. A tambaya har abin da ke ciki, don wasu gidajen da zinare suke yin faifan da ke wana agogo, F.P. Journe ma da jan zinare yake ƙera yawancin injinansa. Hukuncin wannan sai a koma ga malami.

Ga mai son rifita wannan hani alheri ne, don sitil da titaniyam sun fi fitar da murya, filatinam kuwa nauyinsa kan danne ta. Sai dai manyan gidaje ba su cika yin masu wuyar aiki da sitil ba, ƙarancin kuma ya mai da su abin rububi. Cikin 1518 ɗin nan guda huɗu kawai aka sani na sitil, ɗaya ya tashi a faran miliyan 11 a gwanjon Phillips na Janeba a Nuwamba 2016. Grandmaster Chime na Patek, na sitil, guda ɗaya tilo, ya kai faran miliyan 31 a gwanjon Only Watch na 2019. A mataki na mai saye na gaske kuwa, mai kalanda ne ya fi samuwa da sitil: akwai Royal Oak na Audemars Piguet, akwai na Jaeger-LeCoultre siriri da ke shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba ya kamawa, akwai na IWC da na Moser.

Gyara kuma dukansu sai sun koma gida, kusan kowace shekara biyar ko makamancin haka, a warware a wanke a sa sabon mai. Mai kalanda cibiyoyin gyara na manyan kamfanoni sukan iya, rifita kuwa sau da yawa sai masana'antar da ta haife shi, wata da watanni. Ka sa kuɗin wannan a lissafi tun ranar saye. In na hannu za ka saya, nemi takardunsa, ka guji wanda aka goge gidansa har gefuna suka mutu, don gogewa na rage daraja, a rifita ma har murya take taɓawa. Wajen sake sayarwa, turbiyon na gidajen tsaka-tsaki shi ya fi faɗuwa, masu kalanda na Patek da Audemars Piguet sun fi riƙe kansu, aikin masu ƙira 'yan ƙalilan irin Dufour kuwa nema ake ba a samu.

Abin da na ce wa Alhaji

Na tambaye shi abu biyu: zai riƙa ɗaura shi zuwa kasuwa, ko na akwati ne sai ranar biki? Kuma in ya lalace, zai iya haƙurin rabuwa da shi na rabin shekara? Ya ce shi abin da ya saya sawa yake yi, kuma haƙurinsa a kan kayansa kaɗan ne. Sai na ce masa mai kalanda, na sitil, mai wana kansa, wanda ake gyarawa gaba da baya ta kan maɓalli ɗaya. Shi ne zai yi masa aiki kowace safiya in zai rubuta rasit, shi ne ya fi jure hannu mai motsi, kuma duk ƙarshen Fabrairu zai ba shi dalilin zama har sha biyun dare yana jira.

Turbiyon na ce ya bari sai ranar da ya ga wanda aikin hannunsa ya hana shi barci, ya saye shi don wanda ya yi shi. Rifita kuwa ban hana shi ba, don in da hali da natsuwa babu kamarsa, kuma na san wanda ya ji shi sau ɗaya ba ya mantawa. Na dai roƙe shi abu ɗaya. In ya koma Dubai bayan Sallah, kafin a yi maganar farashi, ya sa a kashe na'urar sanyi, a rufe ƙofa, a kawo masa biyu iri ɗaya a sa su a 12:59. Ya ce zai kira ni daga shagon ya kara mini wayar in ji. Na ce masa waya ba za ta ɗauko ba, ya saurara da kansa ya zo ya ba ni labari.